Sashen kula da gyambo: aikinsu ya yi, amma akwai inda suka ɓata min rai

Mahaifina ne mai ciwon suga, gyambo ya fito masa a tafin ƙafa kusa da babban yatsa ya ƙi warkewa. An sha antibayotik har mun gaji, a wanke a rufe, a wanke a rufe, ciwon nan ko gezau, ga wari ga ruwa na tsiyaya kullum bandeji a jiƙe. Da aka tura mu sashen kula da raunuka gaskiya ban sa rai da komai ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba su yi saurin rubuta wani magani ba. Sai da suka auna gudun jini a ƙafar da na'urar dofla tukuna, wai in jini ba ya isa ƙafa sosai kankarar ciwo, wato kwashe mataccen naman da ke kansa, na iya ƙara dagula lamarin. Sannan nas ɗin ta haska fitila ta nuna min wani yauƙi mai ƙyalli da ya lulluɓe fuskar ciwon, ta ce alamu sun nuna akwai bayofim, duk da ba kullum ake ganinsa da ido ba. Ƙwayoyin cuta ne ke haɗuwa su manne su rufe kansu da wani yauƙi, irin dattin nan da ke makalewa a haƙori, shi ya sa maganin sha ba ya cin su yadda ya kamata, garkuwar jiki ma ta yi ta fama a banza. Akwai binciken 2017 da ya gano bayofim a kusan kashi 78 cikin 100 na ciwukan da suka daɗe ba su warke ba.

Ranar kankarar farko kam ba zan manta ba. Nas ɗin ta jiƙa gozi, wato ƙyallen rufe ciwo, da ruwan wankin ciwo mai PHMB, wani sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, ta ɗora ta bar shi kamar minti 15, sannan ta ɗauko ɗan ƙarfen kankara mai zagayayyen baki ta shiga kwashe mataccen nama, ta yanke kantar da ta kewaye bakin ciwon, har jini ya fara tsattsafowa ɗigo ɗigo. Ni hankalina ya tashi, shi kuwa ko a jikinsa don suga ta kashe masa ji a ƙafar. Ta dube shi ta ce "Baba kada jinin nan ya dame ka, mun iso nama mai rai ne." Ta rufe da bandeji mai sinadarin azurfa, ta ce bayan sati 2 za a duba a ga ko a ci gaba da shi ko a canza. Wallahi ba a daɗe ba warin ya ragu sosai, jan nama sabo ya fara tasowa daga ƙasa, abin da muka yi ta nema ba mu gani ba.

To amma fa ga inda raina ya ɓaci, har yanzu in na tuna sai in ji haushi. Su da bakinsu suka faɗa mana bayofim na iya dawowa cikin awa 24 zuwa 72 bayan an kankare, dole a riƙa maimaitawa ba fashi. Sai ga shi sun ɗaga mana ranar zuwa ba ko kiran waya, da muka samu shiga kuma wata nas daban muka tarar, ta goge ciwon sama sama da ruwan gishirin asibiti ta rufe da gozi kawai, na yi mata magana ta ce ita ba ta ga an rubuta kankara a fayil ba. Yauƙin ya dawo, warin ya dawo, aka koma baya. Ta yaya za a ce wuri guda amma kowa da nasa salon? Kuma zancen takalmin rage nauyi a kan ciwon, wanda yake cikin manyan abubuwan da ke sa gyambon mai suga ya haɗe, sai can daga baya wani likita ya tuna ya ambata, alhali Baba na ta taka ƙafar.

Yanzu dai ciwon ya tsuke, ya kusa rufewa, kuma na san hannun nas ɗin farko ne. Zan ce a je, amma ka tsaya kai da fata a rubuta tsarin kankara da irin bandejin a fayil, kuma ka tambayi wa zai duba ku a zuwa na gaba kafin ku bar wurin.