Kayan nutso a tafki: me za ka saya, me za ka yi haya

Kafin ka fitar da kuɗi, tambayi abu biyu game da tafkin da za ka shiga: yaya sanyin ruwansa yake a zurfin mita 20, kuma mita nawa ya fi teku tudu. Amsoshin nan su ne za su zaɓa maka kaya, ba farashi ba.

Fara da riga. A Tafkin Malawi, inda ake koyar da nutso a Cape Maclear da Nkhata Bay, ruwan sama yana tsakanin digiri 24 da 29, kuma ko an yi ƙasa ba ya wani sanyi sosai. Rigar roba mai kaurin milimita 3 ta wadatar a yawancin shekara. Mai jin sanyi, ko mai zuwa a Yuni da Yuli lokacin iskar mwera, gara ya ɗauki mai 5. Doguwa muke ba da shawara, ba mai gajeren hannu ba, saboda kifayen mbuna a tsakanin duwatsu suke zama, kuma dutse yana ƙuje gwiwa.

Tafkunan Turai da arewacin Amurka wani labari ne daban. Da bazara samansu yana iya kai wa digiri 20, amma kana sauka ƴan mitoci sai ka ratsa wani shinge na sanyi, can ƙasa kuma ruwan yana wajen digiri 4 duk shekara. Mai milimita 7 da hula da safar hannu za ta kai ka zuwa wajen digiri 10, nutso na biyu kuwa da makyarkyata za ka yi shi, domin roba tana matsewa da zurfi, kaurinta ya ragu daidai inda ka fi buƙatarsa. Ƙasa da haka sai rigar da ruwa ba ya shiga. Tana da tsada, kuma kada ka saye ta sai ka yi horo da ita: idan iskar cikinta ta taru a ƙafafu, za ta juye ka ta yi sama da kai.

Sai kwamfutar hannu, wadda ke lissafa maka lokacin da za ka iya yi a ƙarƙashin ruwa. Nan ne mutane suka fi yin sakaci. Duk tafkin da ya haura mita 300 bisa teku, lissafin teku ba ya aiki a cikinsa. Tafkin Malawi yana wajen mita 470, Tafkin Tahoe na Amurka kuwa kusan 1,900. Iskar sama ta fi sauƙi a tudu, saboda haka naitirojin da jiki ya sha ya fi saurin zama kumfa a jini idan ka fito. Suunto Zoop tana da arha da ƙarko, amma da hannu ake saita mata tudu. Idan ka manta, za ta ba ka lokacin da ya wuce ƙima. Irin su Shearwater Peregrine suna auna tudun da kansu, kuma suna barinka ka zaɓi ruwan daɗi ko na gishiri. Ga mai yawan sauya tafki, ƙarin kuɗin ya cancanta. Ga wanda tafki ɗaya yake shiga, Zoop ta isa.

Dalmar da ake ɗaurawa a jiki don a nutse kuma, saya ƙanana, masu kilo 1 da 2. Ruwan daɗi bai kai na gishiri ɗaga mutum ba, bambancin kusan kashi 2.5 cikin ɗari ne. Idan kai da kayanka kun kai kilo 90, cire wajen kilo 2 daga abin da kake ɗaurawa a teku. Wanda bai rage ba zai riƙa jan ciki a ƙasa yana tayar da laka, kuma lakar tafki ba ta saurin kwanciya. Gwada a bakin ruwa da tukunyar iska wadda matsin iskar da ya rage a cikinta ya sauka zuwa bar 50: ka riƙe numfashi daidai, ruwa ya tsaya maka a ido.

Regileta, wato na'urar da kake shaƙar iskar tukunya da ita, ta ruwan ɗumi ba ta da matsala a Malawi. Idan ruwa ya yi ƙasa da digiri 10, nemi wadda aka rufe cikinta kuma aka gwada don sanyi bisa ƙa'idar EN250, in ba haka ba ƙanƙara za ta kama ta, iska ta riƙa zuba ba tsayawa.

Tukunya kada ka saya, haya za ka yi. Tambayi dai ko ta alminiyom ce ko ta ƙarfe, don ta alminiyom tana son tasowa idan ta kusa ƙarewa.

Ƙananan abubuwa uku ba a barinsu: abin yanka igiya, saboda tsofaffin raga da zaren fatsa da ba a gani, tocila, da balan-balan mai launi da ake turawa sama don masu jirgi su san kana ƙasa.

Abu ɗaya ne babu rigar da ke karewa. Akwai tsargiya a Tafkin Malawi, musamman a gaɓa mai ciyayi kusa da ƙauyuka inda dodon koɗin da ke ɗauke da ita yake. Shiga ruwa daga jirgi ya fi shiga daga gaɓa, kuma bayan wata biyu zuwa uku da dawowa ka je a yi maka gwaji, ko da ba ka ji komai ba. Maganinta praziquantel ne, likita ke auna shi da nauyin jiki.