Fawa sitiyari a tsohuwar mota: auna tazarar salansa kafin ka biya kuɗi

Duk wanda ya taɓa juya Fijo 504 a lungunan tsohon garin Sakkwato, ko ya nemi wurin tsayawa a bakin kasuwa ranar da ta cika, ya san abin da sitiyari marar fawa ke yi wa kafaɗa. Motar da ke hannuna ta mahaifina ce, harhaɗar Kaduna, daga masana'antar Fijo ta PAN da ta fara aiki a 1975. Ba ni da niyyar sayar da ita, shi ya sa na nemi hanyar da zan sauƙaƙa tuƙinta. Abin da na koya a kan hanya shi ne, ba tsadar kayan ke yanke hukunci ba, wurin da za su zauna a ƙarƙashin boneti ne, musamman tazararsu da manifol ɗin salansa.

Manifol shi ne ƙarfen da ke tattaro hayaƙi daga bakin silinda ya miƙa wa bututun salansa. Idan injin yana jan kaya, zafinsa kan wuce digiri 500. Man sitiyari kuwa, wanda galibi ATF ne irin jan man giyar otomatik, yana fara lalacewa tun zafinsa bai kai digiri 150 ba, kuma idan ya fesu a kan manifol mai zafi yana iya kama wuta. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu da Mayu a nan, lokacin da rana ke haura digiri 40 a inuwa, ka ga abin da ba zai dami mai mota a Faransa ba, mu zai iya tsayar da mu a daji.

Ni ya tsayar da ni. A karon farko wani gareji ya sa mini fawa sitiyari irin mai famfo, aka bi da tiyon matsi ta gefen bututun salansa, tazarar ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba. Wata biyu lafiya lau. Wata rana da azahar a hanyar Illela na ji ƙauri, sitiyarin ya yi nauyi farat ɗaya. Da na buɗe boneti, robar tiyon ta bushe ta tsattsage kamar ƙasar fadama a bazara, man yana ɗiga kan ƙarfe yana tashi da farin hayaƙi. Allah ya kiyaye, wuta ba ta tashi ba.

Ban raina irin mai famfo ba duk da haka. Shi ne mafi ƙarfi, kuma duk makanikin garin nan ya san shi. Injin ne ke juya famfon da bel, famfon ya tura mai cikin rak (ƙarfe mai haƙora da ke juya tayoyin gaba) ko akwatin sitiyari. Ga mai 504, gidan Fijo ne wurin fara nema, domin 505 da ta fito a 1979 ta yi amfani da injin mai 1971 cc irin na 504, kuma da yawansu sun zo da fawa, saboda haka famfo da fuli da ƙarfen ɗaure su ba sa wahalar daidaitawa. Rak ɗin ne abin lura. Idan tsawonsa ko tsayin mazauninsa ya bambanta da na asali, tayoyin gaba za su riƙa karkata da kansu duk lokacin da motar ta faɗa rami, ka ji tana fizgarka gefe. Kuma injin 504 a kishingiɗe yake da digiri 45, ɓangare ɗaya fili, ɗayan a matse.

Masu Land Cruiser FJ40 su ne suka fi buƙatar wannan nau'in, su ne kuma suka fi shan wahalarsa. Toyota ba ta fara ba da fawa a FJ40 ba sai 1979. A injin F da 2F, manifol yana hannun hagu, wato gefen direba a motocinmu, daidai inda sandar sitiyari za ta wuce zuwa sabon akwatin da ake ɗaurewa a gaban shasi. Wanda ya cire manifol na asali ya sa na bututu da aka lanƙwasa, ya ƙara cinye ɗan filin da ya rage. Akwai kuma tsofaffin motocin da suka shigo kafin 2 ga Afrilu 1972, ranar da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Waɗannan sitiyarinsu a dama yake, kayan da aka ciro daga mota mai sitiyarin hagu ba za su zauna musu ba.

Dattijon makanikin da ya gyara mini ɓarnar bai taɓa sufana ba sai da ya auna. Ya ce, “Malam, wagga mota ba ta son gaggawa.” Na ce, “Baba, yadda ka gani.” Ya yanko kwali daidai girman famfon ya zura a wurin, ya manna dunƙulen laka a gefen manifol mai sanyi, ya sa yaransa biyu suka jijjiga injin da ƙarfi, sannan ya ciro lakar ya nuna mini inda ta lotse. Injin ba ya zama wuri ɗaya, yana rawa a kan robobin da ke ɗauke da shi, in kuwa sun mutu rawar ta fi haka. Tazarar da ka gani injin yana kashe ba ita ce tazararka a kan hanya ba. Ni a yanzu ba na yarda da ƙasa da inci ɗaya tsakanin manifol da kowane ƙarfe na sitiyari, tiyo kuma sai ya ninka haka, tare da faifan ƙarfe a tsakani wanda iska ke ratsa bayansa. Ƙyallen da ake naɗe bututu da shi yana rage zafi, amma yana riƙe danshin damina ya jawo tsatsa.

Nau'in fawa na biyu shi ne na lantarki, wanda ake ɗaurewa a jikin sandar sitiyari ƙarƙashin dashbod. Shi na koma wa, kuma shi nake ba masu ƙananan motoci shawara. Babu famfo, babu bel, babu mai, babu abin da ya kusanci salansa. Ana ciro shi daga Opel Corsa, ko Toyota Yaris da Prius. Na Corsa yana buƙatar ƙaramin akwati da ke ba shi alamar gudun mota, mai ɗan makunnin ƙara laushi ko ragewa. Wasu na Toyota suna aiki da matsakaicin laushi ko ba su sami wannan alama ba. In ya mutu, sitiyari ya koma nauyinsa, amma mota tana juyawa.

Yana da sharuɗɗansa. Yakan ja amfiya 40 zuwa 60 lokacin da ka juya mota a tsaye, tsohuwar altaneta kuwa sau da yawa duk ƙarfinta bai wuce haka ba, sai an canja ta, an ja waya mai kauri daga batir da fiyus nata. Ƙarfen da zai riƙe shi dole ya kama jikin mota sosai, ba siririn kwanon dashbod ba. Kuma duk ƙarfin da ya ƙara, tsohon rak da tayarod ne za su ɗauka. In suna da lilo, lilon ba zai tafi ba, daina jin sa kawai za ka yi. Sandar da za a yanke a haɗa kuwa, kada ka bari a yi mata waldar bakin titi, a nemo kuros (gaɓar da ke barin sandar ta lanƙwasa tana juyawa) da mahaɗin da haƙoransu suka dace.

Akwai na tsakiya: famfon mai da lantarki ke juyawa, irin na Peugeot 307 ko Opel Astra. Kana iya ajiye shi nesa da manifol, amma ga tiyo ga jan wuta mai yawa. Kada ka neme shi sai in injinka ba shi da wurin ƙarin fuli.

Ko daga Kofar Ruwa a Kano za a kawo maka kayan, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ka ce a haɗo komai daga mota guda: in na lantarki ne, kwakwalwarsa, wato akwatin da ke sarrafa shi, soket da guntun wayarsa, da kuros na ƙasa. A gwada shi da batir a gabanka, ko a turo maka bidiyo. Kafin ma ka aika kuɗi, duba taya. 504 ta zo da 175 a kan rim 14, mutane da yawa sun sa mata masu faɗi, iska kuma ba ta cika ba. Ka mayar da girman asali, ka cika iska, a sa giris, a daidaita tayoyin gaba, ka tuƙa ta mako guda. Mai Volkswagen Beetle, da injinta ke baya gabanta kuma ba nauyi, galibi nan aikinsa zai tsaya.