Filas mai baki biyu na SanDisk: ya dace da ajiye fina-finai?

Ga mai son kallon fim a hanyar Abuja zuwa Jos ba tare da ƙona data ba, SanDisk Ultra Dual Drive Go mai 128GB ya yi. Baki ɗaya USB-C ne na waya, ɗayan kuma na kwamfuta da talabijin. Ana samunsa a shagunan Banex Plaza da ke Wuse 2. Kwamfuta za ta nuna ƙasa da 120GB. Ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne. Fim mai 2GB zai shiga sama da 50.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne tsarin fomat. In filas ɗin yana kan FAT32, fayil ɗin da ya wuce 4GB ba zai shiga ba, ko da akwai sauran wuri da yawa. A mayar da shi exFAT, amma fa fomat yana share komai. Wasu tsofaffin talabijin kuma ba sa karanta exFAT, sai NTFS ko FAT32. Fim ɗin MP4 ya fi buɗewa lafiya. MKV kan fito wani lokaci hoto ba murya, a waya dai manhajar kallon fim ta VLC tana magance wannan.

Abin da aka sauke cikin manhajar Netflix ba ya kwafuwa, a kulle yake. Sai fim ɗin da ka saya a matsayin fayil.

Rauninsa: kwafi mai yawa yana tafiyar hawainiya, kuma yakan yi ɗumi. Jabu ma akwai, don haka a gwada shi da H2testw, manhajar kwamfuta mai nuna ainihin girman filas, kafin a zuba fina-finai. Kada a fizge shi ana cikin kwafi, fayil zai lalace.