Butik ɗin kayan yayi na Sabon Gari: ki saya a hannu, kar ki yi komande na Sallah

Wata takwas ke nan ina sayen kaya a wani butik nan Sabon Gari na Damagaram, ba nisa da kasuwar Dole. Ba zan kama suna ba dan akwai inda zan yi ƙorafi kuma matar mutuniyar kirki ce, mu ce Hajiya kawai. Ɗinkakkun kaya take saidawa, dogayen riguna, abaya, riga da siket na ƴan mata, gyale, wani lokaci jakunkuna da takalma.

Abin da ya fara jawo ni shi ne ba ta tara kaya. Kowane samfuri biyar ko shida take kawowa, in ya ƙare ya ƙare, kusan duk sati biyu sai ki ga sabon abu a status ɗinta na WhatsApp, in kika yi nawa kika ce bari albashi ya shigo wallahi sai dai ki gan shi a jikin wata wurin biki. Da farko haushi yake ba ni, na ce Hajiya dan Allah ki riƙa kawowa da yawa mana, ta yi dariya ta ce ƴar uwa kayan da suka kwana wata uku a rataye ƙura ta ci su yayi ya wuce su, wa zai saye, kuɗina ne ke barci a jiki. Kuma tana da wani littafi da take rubuta duk abin da aka tambaya babu, kala, lamba, dogon hannu ko gajere, da dare sai ta tura ma mai yi mata sari a Guangzhou can China.

Da na ba ƙanena labari, shi da ya karanta harkar kasuwanci a jami'ar André Salifou, ya ce ai dabarar kamfanin tufafi na Zara ce wannan. Amancio Ortega ya buɗe shagon Zara na farko a 1975 a garin A Coruña na ƙasar Sifen, kuma da abin da suka yi suna ke nan, kaya kaɗan kaɗan, sau biyu a sati ake kai ma shagunansu sabbi, masu shago kuma suna faɗa ma kamfani me ke tafiya me ya ƙi. Kamfanin tufafi na Shein ma haka, sai su ɗinka ɗari ko ɗari biyu na samfuri a ƙananan masana'antu na wajen Guangzhou su saka a intanet, in ya samu karɓuwa su ƙara in bai samu ba su manta da shi. To amma ga inda gizo ke saƙar. Zara yawancin kayanta na yayi kusa da gida ake ɗinka su, Sifen, Fotugal, Maroko, Turkiyya, kwana kaɗan sun iso. Hajiya kuwa tsakaninta da mai ɗinkinta akwai teku, akwai duwan, akwai iyakoki.

Da can kwantena ta Kwatano take sauka ta biyo Gaya. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 iyakarmu da Benin ta rufe, sai aka koma Lome, manyan motoci su ratsa Burkina suna jiran rakiyar sojoji kafin su iso Yamai, daga nan kuma kusan kilomita 900 ta Doso, Konni, Maraɗi kafin Damagaram. Wannan hanyar ba ta kayan yayi ba ce, kafin riga ta iso an daina yayinta. Shi ya sa ta fi yin kargo na jirgin sama da ake biya da kilo, a sauke a Kano, a biyo Daura, Kwangwalam, Ɗan Barto, Matamaye. Ya fi sauri amma tsada, ga canji ana bi ta dala a bi ta naira a dawo sefa, rigar da na saya jikka bakwai da rabi irinta ta dawo jikka tara bayan wata biyu, ban zarge ta ba kan wannan gaskiya.

Inda na zarge ta shi ne alkawari. Kafin a kama azumi na yi komande na riguna uku na ƴan matana, na ba da rabin kuɗi, ta ce sati uku in sha Allah. Sati uku ya wuce, huɗu ya wuce, kullum sai kaya na Kano, gobe mota za ta taso, daga baya na gane ko China ba su bari ba dan mai kargon yana jira kilo ya cika. Da ta faɗa mini haka tun farko ai da na san na yi. Ranar 27 ga azumi na kwashi atamfa na ruga wurin tela, kowa ya san abin da ake nufi da kai ɗinki a wannan lokacin, sai da na ƙara kuɗi na haɗa da magiya. Rigunan sai bayan Sallah da kwana tara suka zo, ɗaya ma ba ta shiga babbar ba, XL ɗinsu na can kamar M ne a jikinmu. Ta canza mini da wata a shago ba gardama, amma kuɗi dai ta ce ba a maidawa.

Batun inganci kuma ki shafa da hannunki. Masu arhar yawanci roba ne zalla, a zafin Afrilu na garin nan kamar kin shiga leda, wata baƙar abaya wanki huɗu ta fara kodewa, ɗinkin hammata ya saki sai da na kai aka bi shi. Na Turkiyya da take kawowa jefi jefi sun fi nauyi da kyan ɗinki, har yanzu ina da wadda na saya tun farkon zuwana ba ta yi komi ba, sai dai kuɗinta kusan ninki biyu. Yarinyar shagon tana da haƙuri, akwai labule inda ake gwadawa, ana rage jikka ɗaya in kin iya ciniki.

Alhamis zan koma dan na ga wani gyale ruwan toka a status, saura biyu ta ce. Na babbar Sallah kuwa shadda na riga na kai ma tela tun satin jiya.