Karatun yara a Amurka: makin aji 9 ma sai ya biyo yaro har ƙofar jami'a

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kuna lafiya, ya jikin Hajiya, ya yara, a gaida kowa da kowa. Mu ma nan New York Alhamdulillah. Ka ce in ba ka labarin karatun yara a nan, toh ga shi na zauna na rubuta don a waya maganar ba za ta ƙare ba.

Ta wajen kaya da hidima gaskiya ba a haɗawa. Makarantar gwamnati kyauta ce har aji 12, ba kuɗin PTA ba kuɗin rijistar jarrabawa, littattafai su ke bayarwa, abincin safe da na rana kyauta ga kowane yaro tun 2017, wasu makarantun ma har da na halal, ga katin shiga bas da jirgin ƙasa. Ba yajin aiki na wata da watanni. Makin 'yata kuma a wayata nake gani, malama na sakawa yau zan gani yau, aikin gida ɗaya in ba ta kai ba zan ga sifili a gaban sunan darasin. Wannan duk na yaba.

Amma akwai abin da mutanenmu ba su gane ba sai lokaci ya ƙure, shi ne ya fi damuna. Mu a gida ka san yadda abin yake, yaro zai iya shiririta a SS1 da SS2, in ya zo SS3 a sa shi lesin ya dage da karatu ya samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi a WAEC, in ɗaya ta zube ya haɗa da NECO, ya ci JAMB da maki mai kyau cikin 400, ya wuce Post-UTME, shikenan sai BUK ko ABU, ba wanda zai tambaye shi me ya ci a zangon farko na SS1. A Nijar ma BAC, jarrabawar kammala sakandare, ce ke raba gardama. Nan kuwa ba wata jarrabawa guda da za ta wanke yaro. Sakandarensu shekara huɗu ce, aji 9 zuwa 12, kuma aji 9 ɗin nan daidai yake da JSS3 ɗinmu fa, tun daga nan ake tara makin kowane darasi a takarda ɗaya a fitar da matsakaicin maki da suke kira GPA, wanda ƙololuwarsa 4.0 ce a lissafin da aka saba, kuma wannan takardar ita jami'a ke fara buɗewa.

Ba jimillar kaɗai suke kallo ba, suna kallon inda makin ya dosa. Yaron da ya fara da rauni a aji 9 ya riƙa hawa har aji 11 ana masa uzuri, a ce ya girma ya nutsu, musamman in sabon zuwa ne Turanci bai zauna masa ba. Wanda ya fara da 95 cikin 100 ya sauko 80 a aji 11 shi ne ke cikin matsala ko da jimillarsu ɗaya da na farkon, don aji 11 ita ce cikakkiyar shekara ta ƙarshe da suke gani kafin su yanke hukunci, tunda ana tura takardun neman shiga ne daga farkon Nuwamba zuwa farkon Janairu na aji 12. Kuma suna duba wane irin darasi yaro ya ɗauka, akwai masu wuya da ake kira AP, in makarantar na da su yaro ya guje su don makinsa ya yi kyau, suna gani.

Manyan jami'o'in nan ba su rasa masu maki ba. Harvard a 2022 mutum sama da dubu 61 suka nema, waɗanda aka ɗauka ba su kai dubu 2 ba, ka ga mai karanta takardu da ke gabansa cike da yaran da ba su taɓa zamewa ba, me zai sa ya tsaya a kan wanda ya zame ba bayani? Wasu iyayen sai su ce ai zai rama a jarrabawar SAT kamar yadda ake ramawa a JAMB. SAT na taimakawa, jami'ar MIT ta dawo da ita ko makamanciyarta dole a 2022, Harvard da Yale da Dartmouth suka biyo a 2024, amma ƙari ce a kan makin aji ba madadinsa ba, Jami'ar California ma ba ta duba ta sam, makin aji 10 da 11 take lissafawa.

Abin da ke min ciwo shi ne sau da yawa mu iyaye ne ke zubar wa yaranmu da maki ba tare da mun sani ba. Uba na tuƙin tasi dare da rana, uwa na aikin kula da tsofaffi, sai a bar wa babbar yarinya ɗauko ƙanne da girki da wanka, ta zauna aikin makaranta ƙarfe goma na dare tana gyangyaɗi. Ko a ɗauki yaro a tsakiyar zango a tafi gida biki wata guda saboda tikiti ya fi araha a lokacin. Ko a sa shi tsaron shago bayan makaranta kullum. Duk wannan a takardar nan yake fitowa, kuma takarda ba ta faɗin dalili sai in an rubuta.

Ko an ba yaro gurbi ma bai tsira ba. Makaranta na tura sakamakon tsakiyar aji 12, ta kuma tura na ƙarshe bayan an gama, kuma a cikin wasiƙar ɗauka a rubuce yake cewa sharaɗi ne ya ci gaba a yadda aka gan shi. Ɗan wani maƙwabcinmu a Bronx nan New York ya samu wata jami'a mai kyau a watan Maris, aka yi murna har da rabon waina a masallaci, yaro ya saki jiki ya daina shiga ajin lissafi na safe, a watan Yuli sai ga saƙo wai ya rubuto bayanin abin da ya sa makinsa ya faɗi kafin su duba ko gurbin na nan. Na ga uban zaune a mota da wayar a hannu yana ta maimaita karanta saƙon, ya ce min ko abinci ya kasa ci. Allah ya taimaka suka bar shi amma da gargaɗi a kansa tun kafin ya taka harabar.

In kuwa dalili na gaskiya ne, rashin lafiya ko rasuwa ko ɗawainiyar gida, a faɗa, kar a ce kunya. Akwai malamar da aikinta kenan ba yara shawara, ita ke rubuta wa jami'a wasiƙa a kan yaro, kuma fom ɗin neman shiga jami'o'i na Common App na da gurbin ƙarin bayani. Mu mun saba da rufa asirin gida, amma a nan in ka yi shiru sai su ɗauka lalaci ne. Kuma wanda bai samu manyan ba hanya ba ta toshe ba, ga jami'o'in gwamnati, CUNY nan cikin gari da SUNY ta jiha, ga kwalejin shekara biyu da yaro zai gyara makinsa ya koma babbar jami'a, da yawa daga yaranmu ta nan suka bi.

Masu son turo yara daga gida kuma Yaya don Allah ka faɗa musu, WAEC kaɗai ba ta isar manyan makarantun nan, za su nemi sakamakon zango-zango tun daga JSS3 ko SS1 da hatimin makaranta, saboda haka katin rifot ɗin nan da muke jefawa a ƙasan akwati a adana shi, in wani ya ɓata a je wajen firinsifal a nemi kwafi tun malaman da suka koyar da yaron suna nan.