Gidan kwantena mai naɗewa: yadda na same shi bayan hunturu, bazara da damina

Gidan ƙarfen nan da ake naɗewa, wanda bidiyonsa ya cika TikTok da Facebook, na yi odarsa daga China na kafa shi a gonar da nake noman rani a yankin Kadawa. Ya ga hunturu, ya ga bazara, ya ga damina a hannuna. Mutane da dama sun tsayar da mota a bakin hanya sun tambaye ni nawa na saya, wasu har suna cewa za su fasa ginin bulo su yi odar irinsa su tare da iyali. Saboda su nake wannan rubutu, domin amsar ta fi ƙarfin hirar tsaye.

Nawa shi ne mai ƙafa 20. A naɗe, tsawonsa kusan mita 6 ne, faɗinsa mita 2 da 'yan kai, shi ya sa yake shiga kwantenar jirgin ruwa. Idan aka buɗe fukafukansa biyu, dama da hagu, sai ya koma kusan murabba'in mita 36: ƙananan ɗakuna biyu, falo, banɗaki, da lungun girki mai ɗan wurin wanke-wanke. Ƙofofi, tagogi, wayarin da famfo duk a jikinsa suke zuwa. A Amurka, inda son ƙananan gidaje ya yi ƙarfi bayan rikicin bashin gidaje na 2008, ƙa'idar gini ta 2018 ta ɗauki duk abin da bai wuce murabba'in ƙafa 400 ba a matsayin ƙaramin gida, kuma nawa yana cikin wannan awo. Su tsadar haya da bashin banki suka kore su zuwa gare shi. Mu kuwa siminti da rodi ne. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, kuma duk wanda ya taɓa fara gini ya san yadda kuɗi ke ƙarewa a linta.

Saurinsa gaskiya ne, ban ga ƙari a tallar ba. Da hantsi motar kiren ta sauke shi a kan daɓen kankaren da na riga na zuba, yarana da mai walda suka buɗe ɓangarorin suka ɗaure notuna, kafin la'asar mun shimfiɗa darduma a falo. Da irin waɗannan ɗakunan ƙarfe aka tayar da asibitin Huoshenshan na masu cutar korona a birnin Wuhan na China cikin kwanaki kusan 10 a 2020, kuma bayan girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya ta Fabrairun 2023 ƙasar Qatar ta yi alkawarin tura ɗakuna 10,000, ciki har da waɗanda aka saukar da baƙin gasar cin kofin duniya a cikinsu. Domin gaggawa aka ƙera shi, a nan kuma babu abin da zan kushe. Babu rigimar yashi da tsakuwa, babu bin magini gida, babu buhun siminti da ke ɓata da daddare. Cikinsa fes, fari tas, gara kuma ba ta da abin ci a jikin ƙarfe.

Kuɗin da kake gani a ƙarƙashin hoton talla kuɗin bakin masana'anta ne. Daga nan sai kuɗin jirgi, sai takardun Form M na izinin shigo da kaya a banki, sai harajin kwastam da ladan ejan, sai tirelar da za ta ɗauko shi daga Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, sai kiren a wurin saukewa. Duk wannan kafin ka zuba daɓe, ka haƙa sokawe, ka ɗora tankin ruwa, ka sa sola. Kuma da dala ake biyan gidan da jirgin. Wanda ya tuna yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ya san lissafin ranar oda ba shi ne lissafin ranar isowa ba. Ni dai da na haɗa komai, abin ya kusa ninka farashin hoto. Na zauna da maginin da na saba aiki da shi muka buga lissafi, kuɗin sun isa su tayar da ɗaki biyu da falo na bulo har rufi. Don haka duk mai zuwa wajen gidan nan don araha kawai, ya sake ɗauko biro da takarda.

Sai maganar zafi, wadda ita ce ta fi komai. Bangon falle biyu ne na siririn ƙarfe, a tsakaninsu an cusa farin soso irin wanda ake tare firij da shi a cikin kwali, kaurinsa milimita 50. Soson yana tare zafi daidai gwargwado, amma ginshiƙai da firam ɗin gidan ƙarfe ne zalla, su suke jawo zafin rana har ciki, ga rufin a ƙasa-ƙasa, mai tsayi yana miƙa hannu ya taɓa silin. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, daga azahar zuwa la'asar ba ya zaunuwa. Fanka iska mai zafi kawai take juyawa. Masu aikina, waɗanda suka yi ta murna ranar da ya iso, sai ga su sun koma gindin darbejiya da tabarmarsu. Duk wanda ya taɓa yin ƙailula a soron ƙasa mai azara ya san abin da muka rasa: kaurin bangon tubali yana riƙe sanyin dare ya sake shi da rana, wannan kuwa ba shi da jikin da zai riƙe komai.

Abin da ya gyara min shi rumfa ce. Na kafa dirkokin ƙarfe na ɗora rufin kwano a saman gidan gaba ɗaya, na bar tazarar kusan mita ɗaya domin iska ta ratsa, na kuma zazzago da bakin rufin ya inuwantar da bango. A ɓangaren yamma na kafe zana. Bambancin a fili yake, yanzu ana iya wuni a ciki da fanka, sai a kwanakin da bazara ta kai maƙura. Wannan ma kuɗi ne da babu shi a tallar, kuma a ƙasarmu ina ganin wajibi ne. In kuwa na'urar sanyaya ɗaki za ka sa, to ka shirya ƙarin faranti da batir, don ƙaramar sola ba za ta ja ta ba. Sai dai in faɗi alherinsa a nan: da rana ta faɗi yake hucewa. Ɗakin bulo yana ta fitar da zafi har tsakar dare, wannan kuwa bayan isha'i ka buɗe taga ka yi barcinka. A hunturu abin ya juya, sanyin asuba yana shigowa sosai, ƙura kuma tana bin mahaɗar fukafukan ta kwanta a kan komai.

Da ruwan farko ya sauka, a wannan mahaɗar ya fara ɗiga. Robar da aka liƙa a wurin da silikon ɗin, wato gam ɗin toshe kafa, duk rana ta busar da su sun tsage. Na sake bi da sabon silikon, kuma na fahimci aiki ne na kowace shekara kafin damina. Rumfar ta rage yoyon, ta kuma rage ƙarar ruwa a kan ƙarfe, wadda kafin nan ba ka jin maganar na kusa da kai. Iskar farkon damina mai yaye kwanon mutane ita ce abin tsoro, domin gidan ba shi da nauyi. Na sa an binne farantan ƙarfe a cikin daɓe aka yi masa walda a kusurwa huɗu, kada kowa ya ajiye shi a kan bulo haka kawai. Duk inda fenti ya karce a hanya kuwa, nan tsatsa ta fara.

Banɗakin an tsara shi ne don mutanen da ba sa zubar da ruwa a ƙasa. Mu da buta muke shiga, mu yi alwala sau biyar, ruwa ya malala ko'ina. Daɓen ciki allo ne da aka shimfiɗa wa leda, ruwan ya bi gefe ya shiga ƙarƙashi, wurin ya fara laushi. Na toshe gefunan, na gina wurin alwala a waje. Soket ɗin ma irin na China ne, filoginmu mai ƙafa uku bai zauna a ciki ba, mai wayarin ya canza su duka, ya ce wayoyin sun yi siriri ga dutsen guga da hita. Ya kuma binne sandar ƙasa, wato ƙarfen da ke kai wutar lantarkin da ta ɓalle cikin ƙasa, ya haɗa da jikin gidan. Wannan kada a yi wasa da shi, gidan ƙarfe ne, waya ɗaya ta kwaile ta taɓa bango rai ne a ciki. Wanda ya sayar min yana amsa saƙon WhatsApp da ladabi, amma hannun taga ɗaya da ya karye sai a kasuwa na nemi mai kama da shi.

Abu biyu suna damuna har yanzu. Farin soson nan yana narkewa kuma yana cin wuta, don haka na hana shiga da gawayi ko risho, girki a waje ake yi. Akwai bangon da ake cusa wa audugar dutse, wani abu mai kama da auduga da ake yi daga narkakken dutse, wadda ba ta kama wuta, ya fi tsada da nauyi amma shi ya kamata a nema. Na biyu tsaro. Fallen ƙarfen bai kai kaurin milimita ɗaya ba, mai almakashin kwano zai yanka shi, tagogin kuma babu ƙarfen kariya sai da na sa. Injin ban-ruwa da taki ba na barinsu a ciki in babu mai gadi.

Masu son tarewa da iyali, ku nake ji. Gidan Bahaushe ba ɗakunan kwana kaɗai ba ne. Ina zauren da maigida zai sauki baƙo ba tare da an ratsa ta gaban iyali ba? Ina tsakar gidan da za a yi shanya, a yi daka, yara su yi wasa? Bangon da ya raba ɗakunan ko tari ba ya tarewa. In ka ce za ka zagaye da katanga, ka yi madafi, ka yi zaure, to ka koma ginin da ka gudu, ga kuɗin kwantena a kai. A cikin gari kuma ba a kafa shi sai an tuntuɓi hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ko da mai talla ya ce maka na wucin gadi ne. Sannan ginin bulo a kan filinka daraja yake ƙarawa, wannan kuwa kamar mota yake, daga ranar da ya sauka farashinsa ke raguwa.

Inda ya yi min rana shi ne gonar ba tawa ba ce duka, wani ɓangaren haya nake yi. Ba zan zuba bulo a filin wani ba, amma wannan ranar da yarjejeniya ta ƙare zan yanke waldar, in naɗe shi, tirela ta ɗauka. Ga manomi irina, ko ɗan kwangila mai neman ofis a wurin aiki, ko mai son ƙaramin shago ko ɗakin shan magani a ƙauye cikin gaggawa, na yarda ya saya, matuƙar ya sa kuɗin rumfa da daɓe a lissafi tun farko, ya kuma tambayi kaurin bango da abin da ke cikinsa a rubuce.

Ɗakin da zan ƙara wa masu aiki a bana ba daga China zai zo ba. Akwai masu walda a Kano da Kaduna da ke haɗa irin waɗannan ɗakuna da bango iri ɗaya, da naira ake biyansu, kana tsaye ake yi, in ya yi yoyo kuma ka san shagonsu. Na riga na ce a sa min audugar dutse mai kaurin milimita 75, a ɗaga rufin, a yi tagogi masu kallon juna, banɗakin kuma a gina shi da bulo a gefe.