Gargaɗi ga masu cika harsashi a gida: ku kiyayi shagon nan na intanet

'Yan'uwa mazauna Amurka masu fita farautar barewa, musamman waɗanda ke cika harsashinsu da hannu, ga abin da ya same ni a watan da ya wuce, don kada ya sami wani.

Bindigata tsohuwa ce mai ɗaukar harsashi samfurin .30-30, kuma na saba zuba kawunan harsashi da dalma a garejina. Sai dai dalma mai kyau ta yi wuya. Da can ƙarafan daidaita tayar mota muke tsintowa mu narka, amma yanzu yawancinsu na tutiya ne ko baƙin ƙarfe, kuma jihohi irin su Kalifoniya sun hana na dalma. Tutiya kuwa in ta shiga tukunya ta ɓata zubi ke nan. Shi ya sa na ce bari in sayi zubabbu. A wani zauren Facebook na ci karo da wani shago, hotuna tsaf, farashi da sauƙi. Na yi odar kan harsashi 250, suka iso cikin kwana biyar. Ashe tsaba ce aka watsa wa kaza.

Bayan mako ɗaya mai shagon ya rubuto mini cewa ya samu faraima, wato ɗan ƙoƙon nan da ke gindin kwanso mai tada wuta, da albarushi gwangwani biyu, a rabin kuɗin kasuwa, amma sai in biya a ranar. Duk wanda ya ga ƙarancin faraima na 2020 da 2021 ya san yadda zuciya ke tsalle in ta ji irin wannan. Na tura dala 380 ta Zelle, manhajar tura kuɗi tsakanin asusun banki. Lambar bin sawun kaya da ya ba ni ba ta taɓa motsi ba, wayarsa ta daina shiga, shafin ma ya ɓace ya dawo da wani suna, da hotunan nan dai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne alamar tana gabana, ban duba ba. Ya ce ta gidan waya zai aiko, kuma babu ƙarin kuɗin kaya masu haɗari. Kan harsashi na dalma zalla ƙarfe ne kawai, ana iya aiko shi ta gidan waya. Faraima da albarushi kuwa gidan wayar Amurka ba ya ɗaukarsu ko kaɗan. Kamfanonin jigila ne ke kawo su, kuma shagunan gaskiya galibi suna cajin wannan ƙarin kuɗi. Na san haka sarai, kwaɗayi ne ya rufe mini ido. Ga kuma batun biya: ba ya karɓar katin banki, sai Zelle, bitkoyin ko katin kyauta, hanyoyin da in kuɗi ya fita da wuya ya dawo.

Da na koma kan kawunan da ya aiko da farko na ɗora su a sikeli, nauyinsu ya sha bamban, wasu da ramuka a gindi. Duk na mayar da su tukunya.

A sabon shafin har cikakken harsashi yake tallatawa, wai ƙwararre ne ya cika shi da hannu. Ko da zai aiko, kada ku sa shi a bindigarku. Ba ku san wane albarushi ne a ciki ba, kuma da irin mai saurin ƙonewa da wasu ke amfani da shi wa kan dalma, awo biyu na iya shiga kwanso ɗaya ba a lura ba, bindiga ta tarwatse a fuskar mutum. Dokar tarayya ta 1968 ma ta wajabta lasisi ga mai sana'ar cika harsashi don sayarwa. Ku nemi ya nuna nasa.

Na kai ƙara a IC3, shafin hukumar FBI na karɓar ƙorafin laifukan intanet, da kuma FTC, hukumar kare masu sayayya, na sanar da bankina. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana hoton hirarsu da rasit kafin shafin ya sake canza suna.